Sulhun da Ya Kusa Rufe Mini Shago

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ina jin zai bar mini ranar da na ɗauko dattijo da goro na sasanta Turawa biyu a shagona na tsire da ke Hyattsville. Na yi sulhu iri-iri a rayuwata, amma wannan ne kaɗai na yi shi da kyau har ya kusa raba ni da abincina.

Bari in fara faɗa muku ko ni wane ne a lokacin. Ni Bakano ne. Na zo Amurka da niyyar ƙaro karatu, karatun ya ƙi, na ja tasi shekara da shekaru, daga baya na kama wani ɗan shago tsakanin mai sayar da kayan miyar Afirka da wani gidan wanki. Ina gasa tsire da balangu, maiɗakina tana soya waina, ga shayi ga zoɓo. Ban da wannan ina da wani aikin da babu wanda ya ɗauke ni, wato sasanta mutane. In miji da mata suka saɓa, ko abokan haya suka daina gaisawa, ni ake kira. In ba a kira ni ba ma zuwa nake yi. Na ɗauki kaina gwani, kuma har lokacin babu wanda ya sami ƙarfin halin faɗa mini akasin haka.

Sai shekarun nan suka zo da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, mutane suna rasa aiki suna rasa gidaje. 'Yan'uwanmu da suka saba biyowa su sayi tsire su kai wa iyali suka koma dafa shinkafa a gida. Wata ran sai in wuni ina fifita wuta, ni da talabijin muna kallon juna. Wa'adin hayar shagon ya kusa cika, mai gini kuma ya fara tambayata ko zan sabunta, da irin muryar wanda ya riga ya san amsa. In na rufe, komawa tasi ce, ga shi bayana ya riga ya ba ni sanarwar ya gaji.

Ana cikin haka Allah ya jefo mini 'yan zari-ruga. Akwai wani filin wasa ba nisa da mu inda suke atisaye ranar Asabar da safe, ƙamshin nama ne ya jawo na farkonsu. Mako mai zuwa ya zo da abokansa. Ban taɓa ganin mutane irinsu ba, ƙarti, wuya ya haɗe da kafaɗa, kunnuwan wasunsu a murɗe kamar soyayyen ganda. Akwai 'yan Ingila, da 'yan Ostireliya, da 'yan Kenya, da wasu daga tsibiran da ban taɓa jin sunansu ba. Na gaya musu tun farko ba na sayar da giya, ba a kuma shigo mini da ita. Suka ce ba komai, nama suka zo ci, sauran sun san inda za su same shi. Suka roƙi in sa tashar da ke nuna wasansu, na sa. Daga nan Asabar ta zama ita ke riƙe da sauran kwanakin mako. Cin mutum ɗaya a cikinsu ya kai na gida guda.

Ni a wajena zari-ruga zari-ruga ce, mutum ya sunkuci ƙwallo mai kama da gwanda ya ruga, a bi shi a kayar. Ashe iri biyu ce, kuma ranar da na faɗi cewa duk ɗaya ne shagon ya yi tsit kamar na zagi iyayen wani. Akwai ta 'yan Yuniyan, mutum goma sha biyar a kowane gefe. Akwai ta 'yan Lig, mutum goma sha uku. Kowane ɓangare yana da teburinsa a shagona, kuma kowane yana da jagora. Na 'yan Lig wani jibgegen mutum ne daga arewacin Ingila, mai gyaran na'urar ɗumama gidaje, ni da maiɗakina muna ce masa Mai Gemu. Na 'yan Yuniyan kuwa daga kudancin Ingila yake, yana aikin ofis a Southwest Washington, magana a hankali amma kowace kalma da ƙaya, shi muke ce wa Mai Sanƙo. Da na ji labarin arewa da kudu sai na ce a raina, ashe su ma suna da tasu.

Waɗannan biyun ba su taɓa zama minti biyar lafiya ba. Da Turanci suke yi, amma ga yadda take tafiya.

Mai Sanƙo zai ɗaga kofin zoɓo ya ce, "Mu in muka yi gasar duniya, duniyar ce ke zuwa. Jirage su cika, otal-otal su cika, gari ya yi ciniki. Ku fa? Garuruwa uku da rabi, sai wata unguwa a Ostireliya."

Mai Gemu ya daki tebur. "Je ka Sydney ka tambayi wasan wa ake kallo! Je ka garinmu ranar wasa ka ga ko za ka sami wajen ajiye mota. Mu talakawa ke cika mana fili da kuɗin guminsu, ba masu ƙulla nakatayi da kamfani ya saya wa tikiti ba."

"Wasan da in an kayar da kai sau shida sai ka miƙa ƙwallo kamar yaron kirki?"

"Ya fi wasan da rabin lokacinsa kuna tsugune kuna jiran alƙali ya gama lacca. In namu ba shi da kyau, me ya sa da kuka fara biyan albashi kuka zo kuna saye mana 'yan wasa da masu horarwa?"

Sai tebura biyu su ɗauka, ihu har gidan wanki. Ni kuma ina bayan wuta ina juya tsire, zuciyata tana ciwo. Abu biyu ke damuna, in faɗi gaskiya. Ina tsoron wata ran su doku a kira 'yan sanda, mai gini ya sami dalili. Na biyun kuma, wanda ya fi ƙarfi, shi ne a ce ana gaba a ƙarƙashin rufin mutum kamata, gwanin sulhu na Hyattsville da kewaye.

Wata Asabar wasanni biyu suka faɗo lokaci ɗaya, talabijin kuma ɗaya ce. Aka yi ta ja-in-ja a kan rimot. Mai Gemu ya miƙe tsaye, kujerar da yake kai ta faɗi ƙafarta ta ɓalle, fuskarsa ta yi jajir. Ya ce asalin rabuwar ma ai zalunci ne. Manyan Yuniyan na da can sun haramta biyan ɗan wasa, alhali ma'aikatan ma'adinai da masaƙu na arewa ba za su iya barin aiki su yi wasa kyauta ba, shi ya sa suka ɓalle. Ya nuna Mai Sanƙo da tsinken tsire ya ce, "Kakana ya buga Lig sau ɗaya, mutanenka suka hana shi taka filinsu har ya mutu!" Mai Sanƙo ya goge baki ya ce ya ji labarin kakan nan, kuma an ce ko da ba a hana shi ba babu mai ɗaukarsa.

An taɓa kaka. A wajena magana ta ƙare, wannan gaba ce ta gado.

Da na koma gida na shaida wa maiɗakina shirina, tana tsinke alayyahu ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, sun kira ka?" Na ce mata aikin alheri ba ya jiran gayyata. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da take yi in na ce zan gyara famfo da kaina.

Na je wajen wani dattijo da muke salla tare, mutumin Kumasi, wanda kowa ke kira Baba Alhaji. Na durƙusa na gaishe shi, na ce akwai wasu bayin Allah biyu da Shaiɗan ya shiga tsakaninsu tun zamanin kakanni. Ya girgiza kai ya ce zai zo. Na sayi goro fari mai kyau, na sa babbar rigata ta Idi, na ce wa Mai Gemu da Mai Sanƙo su tsaya bayan kowa ya watse, ina da magana.

Har yanzu in na tuna zaman nan sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado. Baba Alhaji a tsakiya da carbinsa, ƙarti biyu a gefe da gefe cikin gajeren wando, gwiwoyi duk taɓo, ni kuma a tsaye ina tafinta. Na buɗe da jawabi mai tsawo a kan zumunci da gajartar rayuwa. Suka saurara, hannu a kan cinya, kamar yaran da hedimasta ya kira.

Baba Alhaji ya ce, "Tambaye su, wani ya ci kuɗin wani?"

Na tambaya. Suka ce a'a.

"Maganar mace ne?"

A'a.

"To ni ban gane ba koraa, ko kaɗan. Mene ne asalin faɗan?"

Na yi iya ƙoƙarina na bayyana masa, ƙwallo ɗaya, fili kusan ɗaya, amma waɗannan goma sha biyar, waɗancan goma sha uku. Baba Alhaji ya ja carbi, ya dubi rufi. Sannan ya yanke hukunci.

"Mutum biyu ne duka-duka? Ka gaya musu kowa ya yi haƙuri. Wannan ya rage ɗaya, wancan ya ƙara ɗaya, su haɗu a goma sha huɗu. Magana ya ƙare."

Da ina da hankali da na tsaya nan. Amma wallahi a lokacin sai na ga hikima ce tsantsa, har na ji haushin ban riga shi tunowa ba. Na gyara murya na fassara musu da dukkan nauyin da ya kamata. Mai Gemu ya dubi Mai Sanƙo. Mai Sanƙo ya ƙura wa takalminsa ido, kafaɗarsa tana ɗan rawa, ni kuma na ɗauka nadama ce ta kama shi har zai yi kuka. Na dafa shi na ce kada ya damu, kowa yana kuskure.

Na sa suka yi musabaha. Na sa kowa ya ce ya yafe, har da kakan. Na karɓi alkawarinsu cewa daga yau babu sauran gardama a shagon nan. Na raba goro, suka tauna, fuskokinsu suka yamutse don ɗaci amma suka haɗiye saboda ladabi. Baba Alhaji ya yi addu'a muka shafa, su ma suka kwaikwaye mu. Na raka shi mota yana sa mini albarka, na dawo ina jin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta san da ni da an huta.

Asabar ta gaba suka zo, kuma suka cika alkawari. Ban taɓa ganin abin tausayi irin wannan ba. Mutum wajen talatin suna cin tsire shiru kamar gidan makoki. Mai Sanƙo ya kalli talabijin ya ce, "Wasanku ma yana da nasa kyan." Mai Gemu ya ce, "Na gode. Naku ma haka." Wani ya yi tari. Da can in gardama ta yi zafi sai a yi ta ƙaro nama babu mai lura, ranar kuwa kowa ya ci faranti ɗaya ya biya ya sulale. Ni ina ta murmushi ina cewa a raina, ka ga zaman lafiya.

Mako na biye rabinsu suka zo. Na bayansa mutum huɗu, su ma suka ce a ƙunshe musu. Daga nan sai ni da talabijin muka koma kallon juna, ga nama na saya mai yawa, ga mai gini ya sake leƙowa. Na daina barci sosai. Na zargi yaji, na zargi mai kawo mini nama, na zargi baki da hassada. Mutum ɗaya ne kawai ban zarga ba.

Wata Asabar da hantsi, da na ga babu kowa, na rufe shagon na tafi Silver Spring sayen citta da kanumfari. Ina tafiya a gefen titi sai na jiyo wata murya da ko cikin barci zan gane ta tana cewa, "Je ka Sydney ka tambaya!" Na waiga. Wani gidan gahawa ne na 'yan Habasha. Na leƙa ta gilashi, ga su nan kaf ɗinsu, tebura biyu, ana dukan tebur ana nuna juna da yatsa, farantai sun taru har ana ɗora wani kan wani. Mai wajen kuwa baki har kunne, tana ta kai da kawowa. Cinikina ne gaba ɗaya ya yi hijira.

Na tsaya a bayan wata bishiya kamar ɓarawo har suka fito. Abin da na gani ya fi komai kashe mini jiki. Mai Gemu ya jefa wa Mai Sanƙo makulli, suka nufi mota ɗaya suna ci gaba da musu. Duk watannin nan ina bayan wuta, ban taɓa leƙa waje na ga yadda suke zuwa ba. Mai Sanƙo ne ya hango ni, babu halin gudu.

Muka gaisa, kowa yana jin nauyi. Na daure na tambaye su laifin da na yi musu. Suka dubi juna. Mai Gemu ya sosa gemu ya ce, "Ai mu ne muka yi maka laifi. Mun ga ka kawo malaminku, an yi addu'a. Muka ce lallai hayaniyarmu ta keta alfarmar wajenka, wataƙila ma ta addininka. Mun gwada yin shiru, ka gani da idonka, ba za mu iya ba. Sai muka ga gara mu bar ka lafiya."

Na ce, "To, gabar fa? Kakanka fa?"

Mai Sanƙo ya ce, "Maganar kakansa gaskiya ce, kuma ba a kyauta masa ba, ya san na san haka. Amma ni ne babban abokin ango ranar aurensa. A garin nan kaf babu wanda ya damu da wasanmu, in ka ce zari-ruga sai a ɗauka ƙwallon Amurka kake nufi. Shi kaɗai ne ya san abin sosai har zai iya zagina yadda ya kamata."

Na dawo gida ko cittar ban saya ba. Na kwashe labari na faɗa wa maiɗakina. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta share hawaye, sannan ta ce, "Malam, ni 'yar ina ce?"

Na ce, "Bazazzagiya."

"Jiya da yayana ya bugo waya daga Zariya, me ka ce masa kafin ko gaisuwa?"

Nan take na tuna. Cewa na yi, yaya bawana, an sami abin karyawa ko in aiko? Shi kuma ya ce tun yaushe bawa ya fara aika wa ubangidansa, Bakano da ko inuwarsa zai iya sayarwa.

Ta ce, "To da wani Bature zai ji ku, ya ɗauko fasto da biskit ya ce lallai sai kun yafe wa juna, ya za ka ji?"

Ni da aka haifa cikin wasan Kanawa da Zagezagi, na girma ina jin Fulani da Barebari suna yi, ina da taubasai da ba mu taɓa haɗuwa ba a yi tsiya ba, amma da na gan shi sanye da gajeren wando yana Turanci sai na kasa gane shi. Kunya ta ishe ni har na rasa inda zan sa idona.

Saura gyara. Na fara komawa wajen Baba Alhaji na roƙe shi ya zo ya warware alkawarin. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, ni tun da nake ban taɓa kwance sulhu ba. Kai ka ɗaura, kai ka sani." Don haka Asabar ta gaba na shiga jirgin ƙasa ni kaɗai, da ƙunshin tsire mai zafi a jaka. Na shiga gidan gahawar, na ba mai wajen haƙuri, na ajiye ƙunshin a teburin 'yan Lig. Suka zuba mini ido, suna jiran wani wa'azin.

Na juya wajen Mai Sanƙo na ɗaga murya na ce, "Na yi bincike. Ni ɗan arewa ne, ina tare da 'yan arewa. Wasanku na 'ya'yan masu kuɗi ne, kuma da a ce kuna da ƙarfi da ba ku buƙaci ƙarin mutum biyu ba. Naman nan na maza ne, ku ku sha gahawa."

Har na fara tunanin na sake kwafsawa. Sai Mai Sanƙo ya ajiye kofi a hankali ya ce, "Wannan daga bakin mutumin da ya ce a yi goma sha huɗu?" Wajen ya fashe. Mai Gemu ya rungume ni har ƙafafuna suka bar ƙasa, na ji haƙarƙarina yana ƙara.

Sun dawo, amma ba duka ba. Sun riga sun saba da gahawar matar nan, kuma ita ba ta taɓa kai su gaban dattijo ba, don haka suka raba, Asabar ɗaya wajena, ɗaya wajenta. Rabin cinikin ya tafi ke nan har abada, da hannuna na miƙa shi, da goro da addu'a. Rabin da ya rage ya isa na sabunta hayar da ƙyar, na kuma riƙe shagon wasu shekaru masu yawa. Na zama ɗan Lig na ƙarfi da yaji, ni da har yau ban gama sanin dokokin wasan ba, kuma babu Asabar da ba a tuna mini da goma sha huɗu.

Abin da na koya shi ne ba kowace hayaniya ce gaba ba. Wasu mutanen, musamman a ƙasar da ba tasu ba, musun nan shi ne ɗan abin da suka taho da shi daga gida, in ka raba su da shi ka raba su da juna. Har yanzu ana kirana sulhu, kuma ina zuwa, amma yanzu sai an kira. In na isa kuwa ba na fara buɗe baki da jawabi. Nakan leƙa waje tukuna in ga a mota nawa suka zo.